Sancho ya tafi, Foden ya zauna: nazarin shawarar da matasa biyu suka yanke a 2017

A watan Yulin 2017 Manchester City ta tafi Amurka wasannin share fagen sabuwar kaka. Ta tafi da Phil Foden da Brahim Diaz, ta bar Jadon Sancho a gida. Dukansu uku 'yan shekara 17 ne a lokacin, kuma su ne ake ji da su a makarantar horar da matasan ƙungiyar. Wata biyu kafin tafiyar aka zaɓi Sancho gwarzon gasar Turai ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Kuroshiya, don haka barinsa a gida ba shi da alaƙa da iya taka leda. Maganar kwantiragi ce ta haɗa shi da ƙungiyar.

An haifi Sancho a Landan ranar 25 ga Maris 2000. Watford ce ta fara rainonsa tun yana ɗan shekara bakwai, sannan City ta ɗauke shi a Maris 2015 kan diyyar farko ta fam 66,000, bisa tsarin da Ingila ta kafa a 2012 na ƙayyade abin da ake biyan makarantar da aka ɗauke wa yaro. A Ingila, yaro yana shiga yarjejeniyar ɗalibta ta shekara biyu idan ya gama makaranta yana ɗan 16, kuma daga ranar da ya cika 17 ana iya ba shi kwantiragin ƙwararre. City ta miƙa masa nata. Jaridun Ingila sun ruwaito cewa albashin ya kai kusan fam 30,000 a mako, kuɗin da ba a saba ba ɗan shekara 17 da bai taɓa buga wa manya ko minti ɗaya ba. Ya ƙi sa hannu, saboda abin da yake nema shi ne tabbacin zai riƙa buga wasa. Rahotannin lokacin sun ce daga baya ya daina zuwa atisaye. Ranar 31 ga Agusta, ranar da ake rufe kasuwar musayar 'yan wasa, Borussia Dortmund ta Jamus ta saye shi kan kusan fam miliyan 8, ta ba shi riga mai lamba 7.

Foden kuwa ɗan Stockport ne, kusa da Manchester, an haife shi 28 ga Mayu 2000. Tun yana ƙarami yake goyon bayan City, har tsintar ƙwallo ya yi a bakin filinta. Ya zauna, kuma a Disamban 2018 ya tsawaita kwantiraginsa zuwa 2024.

Magoya baya ba su sha wahalar yanke hukunci ba: ɗaya butulu, ɗaya ɗan halak. Amma wanda ya zauna ya duba jerin 'yan wasan City na wannan bazara zai ga cewa yaran biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, ko da yake rigarsu ɗaya, shekarunsu ɗaya.

Layin da ke gaban kowannensu

Sancho ɗan wasan gefe ne. A Agustan 2017 waɗanda ke gabansa a wannan gurbi su ne Raheem Sterling mai shekara 22, Leroy Sane mai 21, da Bernardo Silva mai 23 wanda aka sayo daga Monaco a wannan bazarar kan kusan fam miliyan 43. Gabriel Jesus mai shekara 20 shi ma yakan buga ta gefe. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya kai shekarun ganiyarsa, wato duk suna da aƙalla shekara shida ko bakwai na ƙarfi a gaba. Kuma ko shekara ba a yi ba, a Yulin 2018, City ta ƙara Riyad Mahrez kan fam miliyan 60.

Foden a lokacin ɗan wasan tsakiya ake ɗaukarsa. A gabansa akwai Kevin De Bruyne da Ilkay Gundogan masu shekara 26, amma akwai David Silva mai 31, Fernandinho mai 32, da Yaya Toure mai 34. Gurbin da Foden yake hari shi ne na David Silva, kuma kowa ya san cewa nan da shekara uku ko huɗu gurbin zai buɗe. Haka aka yi: Toure ya tafi a 2018, Silva ya tafi a 2020. Foden yana da ranar da zai iya sa wa ido. Sancho ba shi da ita. Sane bai bar City ba sai 2020, Sterling sai 2022, lokacin da Sancho ya kai shekara 22.

Wannan lissafi shi ne na farko da ya kamata duk matashin ɗan wasa da iyayensa su yi, kuma takarda da biro kawai yake buƙata. A rubuta sunan duk wanda ke buga gurbin yaron a ƙungiyar manya, a sa shekarunsa, a sa shekarun da suka rage a kwantiraginsa, a sa kuɗin da aka saye shi. Kuɗin yana da muhimmanci fiye da yadda mutane ke zato. Kocin da ya roƙi shugabanni su kashe fam miliyan 40 a kan ɗan wasa ba zai ajiye shi a benci don yaron makaranta ba, ko da yaron ya fi shi kyau a atisaye, domin ajiye shi tamkar amsa laifin ɓarnar kuɗi ne. Bayan haka a duba tarihin kocin a kaka uku da suka wuce: yara nawa 'yan ƙasa da shekara 20 suka buga masa minti dubu ko fiye a gasar lig? Kakar Firimiya wasa 38 ce, wato minti 3,420. Yaron da aka sako sau goma a minti na 85 yana da “wasa goma” a takarda, amma minti hamsin kacal ya taka leda. Shi ya sa masu bin diddigin matasa ba sa ƙirga wasanni, minti suke ƙirgawa, da kuma sau nawa aka fara da yaro.

Sai kuma halin da kocin yake ciki. Pep Guardiola ba baƙo ba ne wurin ɗaga yara, shi ya fito da Sergio Busquets da Pedro a Barcelona. Amma kakarsa ta farko a City, 2016/17, ta ƙare ba kofi, a matsayi na uku. Kaka ta biyu ba ta gwaji ba ce. City ta ci lig ɗin da maki 100, kuma a cikin wannan tafiya Foden, wanda ya zauna, wasa biyar kawai ya samu a Firimiya, duk daga benci.

A Dortmund kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan watan bangon ya tsage. PSG ta ɗauke Neymar daga Barcelona kan Yuro miliyan 222, Barcelona ta juya ta sayi Ousmane Dembele daga Dortmund kan Yuro miliyan 105 na farko. Marco Reus yana jinyar gwiwa tun wasan ƙarshe na kofin Jamus a watan Mayu. Lamba 7 da aka ba Sancho ta Dembele ce. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne yadda Dortmund take samun kuɗinta. Dembele ya zo daga Rennes a 2016 yana ɗan shekara 19, ya yi kaka ɗaya, aka sayar da shi ninki-ba-ninki. Christian Pulisic ya fara buga wa manya yana ɗan 17. Ƙungiyar da cinikinta shi ne ta sayi yaro da araha ta sayar da tsada dole ta sa shi a fili, don ba mai sayen ɗan benci. Wannan ya fi alkawarin baki ƙarfi, saboda alkawarin baki yana tafiya tare da kocin da ya yi shi. Sancho ya ga haka da idonsa: Peter Bosz da ya tarar an sallame shi a Disamban 2017, Peter Stöger ya ƙarasa kakar, Lucien Favre ya karɓa a bazarar 2018. Koci uku cikin shekara guda, amma manufar ƙungiyar ba ta canja ba.

Abin da takardu suka ce

Dokar FIFA kan matsayi da musayar 'yan wasa ita ce ta buɗe wa Sancho hanya, ita ce kuma ta tsara cinikin. Sashe na 19 ya hana kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo. Manyan togaciyoyin uku ne: idan iyayensa sun ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba, idan gidansu da ƙungiyar duk suna cikin kilomita 50 daga kan iyaka, ko idan musayar tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ce kuma yaron yana tsakanin 16 da 18. A 2017 Birtaniya tana cikin Tarayyar, don haka ta ƙofa ta uku Sancho ya bi. A wannan togaciyar sabuwar ƙungiya tana ɗaukar nauyin karatun yaron da masaukinsa da mai kula da shi, ba horon ƙwallo kaɗai ba.

Sashe na 18 ya ce ba a ba ɗan ƙasa da shekara 18 kwantiragin da ya wuce shekara uku. Na manya iyakarsa shekara biyar. Wannan ne ya sa ƙungiyoyi ke matsa wa yaro sau biyu, da ya cika 17 da kuma da ya cika 18, kuma a waɗannan ranaku biyu ne yaron yake da ƙarfin ciniki mafi girma. Da zarar ya sa hannu kan shekara biyar, ƙarfin ya koma hannun ƙungiya.

Idan yaro ya tafi wata ƙasa ba tare da kwantiragin ƙwararre ba, abin da tsohuwar ƙungiyarsa take samu shi ne diyyar horo. A Turai an kasa ƙungiyoyi gida huɗu: Yuro 90,000 a kowace shekara ga rukunin farko, 60,000 ga na biyu, 30,000 ga na uku, 10,000 ga na huɗu. Shekarun 12 zuwa 15 ana lissafa su ne da farashin rukuni na huɗu. A lissafa wa yaro irin Sancho: shekara huɗu a kan 10,000, sai shekara biyu a kan 90,000, jimla ba ta kai Yuro 250,000 ba, kuma Watford tana da kaso a ciki. To me ya sa Dortmund ta biya fam miliyan 8? Yaron yana da sauran yarjejeniya da City, kuma ƙungiyar da ke son ɗan wasanta ya fara aiki gobe ba ta son shari'ar da za ta ɗauki watanni. City ta kuma saka sharaɗin cewa tana da kashi 15 cikin ɗari idan aka sake sayar da shi. Lokacin da Manchester United ta saye shi a Yulin 2021 kan fam miliyan 73, wannan sharaɗi ya kawo wa City kimanin fam miliyan 10.

Akwai kuma kason zumunci, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin musayar ƙasa da ƙasa, wanda ake raba wa duk ƙungiyoyin da suka horar da ɗan wasa daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, kowace shekara daga 16 zuwa sama tana da rabin kashi ɗaya. A cinikin fam miliyan 73, shekara ɗaya ta ƙuruciya tana daidai da fam 182,500, ta samartaka kuma fam 365,000. Ƙananan makarantun ƙwallo da yawa suna asarar wannan kuɗi saboda ba su yi wa yaro rajista da hukumar ƙwallon ƙasarsu ba. Abin da babu shi a fasfon ɗan wasa, wato takardar da ke nuna inda ya yi rajista shekara bayan shekara, ba a biya a kansa.

A taƙaice, yaron da City ta ɗauka da fam 66,000 na farko, ta horar shekara biyu da rabi, bai buga mata wasan manya ko ɗaya ba, ya bar mata abin da ya kusa fam miliyan 18. Duk wanda zai yi maganar cin amana sai ya fara da wannan adadi.

Wa ke bin wa bashi

Ƙungiya ta ciyar da yaro, ta biya masa makaranta, ta ba shi likita da koci, wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa a kowace shekara makarantun nan suna sallamar mafi yawan yaransu a shekara 16 da 18, kuma ba wanda ke kiran wannan butulci. Wanda ma aka riƙe, ba lallai don a sa shi a wasa aka riƙe shi ba. Dokar UEFA ta ware gurbi takwas cikin 25 ga 'yan wasan da aka horar a gida, huɗu daga ciki sai wanda ya yi kaka uku a ƙungiyar tsakanin shekara 15 da 21. Yaron makaranta yana cike wannan gurbi ko bai taɓa cire rigar ɗumi ba.

Littafin lissafi ma yana da nasa hukunci. Ɗan wasan da aka saya fam miliyan 50 kan kwantiragin shekara biyar, ana rage miliyan 10 daga darajarsa a littafi kowace shekara. Bayan shekara biyu darajarsa miliyan 30 ce, idan aka sayar da shi miliyan 40 ribar miliyan 10 ce. Yaron makaranta kuwa darajarsa a littafi sifili ce, duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla. Tun da aka tsaurara dokokin kashe kuɗi, ƙungiyar da ke neman daidaita lissafinta ɗan gida take fara dubawa. Chelsea ta sayar da Mason Mount a 2023 da Conor Gallagher a 2024, dukansu tun suna yara suke gidan. City kanta ta sayar wa Chelsea Cole Palmer a ranar ƙarshe ta kasuwar bazarar 2023 kan kusan fam miliyan 40, bayan ya yi shekaru yana jiran layi kamar Foden, ya je ya ci ƙwallo 22 a Firimiya a kakarsa ta farko.

Wannan ba ya nufin yaro ba shi da hakkin kowa a kansa. Yana da shi, kuma ana iya faɗinsa dalla-dalla. Ya je atisaye har ranarsa ta ƙarshe. Koci ya ji daga bakinsa kafin ya gani a jarida. Kada ya bari wakilinsa ya yi ciniki a ɓoye, domin doka ta wajabta wa ƙungiyar da ke zawarci ta sanar da ƙungiyarsa a rubuce kafin ta fara magana da shi, kuma shi kansa ba shi da 'yancin ƙulla yarjejeniya da wata sai kwantiraginsa ya rage wata shida ko ƙasa. Sannan, inda hali ya yi, ya tafi ta hanyar da gidan da ya raine shi zai samu kuɗi. A nan ne Sancho ya yi rauni. Lissafinsa daidai ne, amma ƙaurace wa atisaye, in dai yadda aka ruwaito ne, makami ne mai tsada. Yana saurin kawo ciniki, sai dai yana barin tabo a sunan yaro, kuma duk ranar da ya sake samun saɓani da wani koci sai an tono shi. Ga wanda yake da cikakken kwantiragi haɗarin ya fi haka: tara, da yiwuwar dakatarwa ta wata huɗu idan aka yanke cewa ya karya yarjejeniya ba da hujja ba.

Jude Bellingham ya bi wannan hanyar ta Dortmund a Yulin 2020, shi ma yana ɗan 17. Ya buga wa Birmingham City kakar har ƙarshenta tana fafutukar kauce wa faɗuwa, ƙungiyar ta samu kusan fam miliyan 25 a lokacin da take cikin matsin kuɗi, ta kuma jingine lambarsa 22 don girmamawa. Wasu sun yi wa jingine rigar dariya, ganin kaka ɗaya kawai ya yi. Ko ma mene ne, tafiya ɗaya ce da ta Sancho, rabuwar ce ta bambanta.

Shekarun da suka biyo baya

Shekarar farko ba ta yi wa Sancho daɗi ba. A Oktoban 2017 ya je Indiya gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da 17, ya ci ƙwallo uku a wasannin rukuni, Dortmund ta kira shi ya dawo. Yana Jamus abokansa suka doke Sifaniya 5-2 a wasan ƙarshe, aka ba Foden kyautar gwarzon gasa. Wasa 12 ya buga a Bundesliga a wannan kaka, ƙwallo ɗaya. Sai a 2018/19 abin ya buɗe: ya buga duka wasanni 34, ya ci 12, ya bayar aka ci 14, kuma a Oktoban 2018 ya fara buga wa babbar tawagar Ingila. A wannan kakar Foden ya fito sau 13 a Firimiya, sau uku kawai aka fara da shi. Ƙwallonsa ɗaya, wadda ya ci Tottenham a Afrilun 2019 aka tashi 1-0, a kakar da City ta fi Liverpool da maki ɗaya tal. A 2019/20 Sancho ya ci 17 ya bayar aka ci 16. Foden bai sa rigar babbar tawagar Ingila ba sai Satumban 2020, kusan shekara biyu bayan abokinsa.

Duk wanda ya rufe littafin a 2021 zai ce Sancho ne ya yi dabara. Wanda ya rufe shi a 2024 zai ce Foden ne: kofin Firimiya shida, kofin Zakarun Turai a 2023, ƙwallo 19 a lig a 2023/24 da kyautar gwarzon shekara daga 'yan wasa 'yan'uwansa. A wannan lokacin Sancho ya samu saɓani da koci Erik ten Hag a United a Satumban 2023, an ware shi daga tawaga, ya koma Dortmund zaman aro a Janairun 2024, daga nan Chelsea.

Amma auna shawarar 2017 da abin da ya faru a 2023 kuskure ne. Abin da Sancho ya nema lokacin da ya bar City, wato minti a fili tsakanin shekara 18 da 21, ya same shi fiye da yadda ya yi fata. Abin da ya biyo baya ya fito ne daga wata shawarar daban, ta 2021, inda ya bar ƙungiyar da aka gina wasanta kan irin salonsa ya koma United, wadda ta sallami kocin da ya saye shi bayan wata huɗu. Da an yi wa wannan tafiya ta biyu irin lissafin da aka yi wa ta farko, da an ga alamun.

Na ukunsu, Brahim Diaz, shi ne darasin da aka fi mantawa. Ya jira har Janairun 2019, kwantiraginsa ya rage wata shida, ya koma Real Madrid. Ya bar dogon layi ya shiga wanda ya fi shi tsawo. Bayan shekara ɗaya da rabi na zaman benci aka tura shi AC Milan aro, ya yi kaka uku a can, ya ci lig ɗin Italiya, Serie A, a 2022, sannan ya dawo Madrid a 2023 a matsayin wanda za a iya amfani da shi. A wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Wembley a Yunin 2024, Sancho yana cikin fili a rigar Dortmund, Brahim yana bencin Madrid.

Zaman aro shi ne hanyar tsakiya da ake yawan ba yaro shawara, kuma yana lalacewa ta hanyoyi sanannu. Kocin da ya nemi yaron ya rasa aikinsa a Oktoba. Ƙungiyar ta faɗa yaƙin kauce wa faɗuwa, ta koma ga tsofaffin hannu. Ko kuma ta ga ba ribarta ba ce ta gyara kayan wani alhali tana da nata yaran. Maganin yana cikin takarda: sharaɗin da zai sa mai aro ta biya ƙarin kuɗi idan yaron bai kai adadin wasannin da aka amince ba, da sharaɗin dawo da shi a Janairu. A kuma kula da wata doka da ke kama mutane ba shiri: ɗan wasa yana iya yin rajista da ƙungiya uku a kaka ɗaya, amma biyu kawai zai buga wa wasan hukuma. Yaron da aka sako minti goma a wasan kofi a watan Agusta, sannan aka tura shi aro, idan aron ya ƙi, ba shi da ta uku. Sai dai ya dawo gida ya jira bazara.

Wanda ya zaɓi zama shi ma yana da abin da zai nema a rubuce. Babu babbar ƙungiyar da za ta rubuta cewa dole a sa shi a wasa, kuma wakilin da ya ce ya samo wannan alkawari a tambaye shi shafin. Abin da ake iya samu shi ne gajeren kwantiragi, albashi mai hawa bisa yawan wasannin da aka fara da shi, farashin fansa da aka ƙayyade, da ranar da za a zauna a duba ko aro ya kama. Dokar FIFA tana da sashe na 15 da ya ba ɗan wasa damar soke kwantiragi idan ya buga ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na wasannin hukuma a kaka, cikin kwana 15 bayan wasan ƙarshe. Sai dai an tanade shi ne ga ƙwararren da ya riga ya kafu, don haka ɗan shekara 18 da bai taɓa zama ɗan wasan farko ba kada ya dogara da shi.

Ƙofar da Sancho ya bi ta rufe. Jamie Gittens ya bar makarantar City zuwa Dortmund a Satumban 2020 yana ɗan 16, yana cikin na ƙarshe-ƙarshe. Daga 1 ga Janairu 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, yaron Ingila da ba shi da fasfon wata ƙasar Tarayyar sai ya cika 18 kafin ya ƙetare, daidai da yaron Brazil ko na kowace ƙasa a wajen Turai. Ƙungiyoyi kuma sun daina wasa da sashe na 19 tun da FIFA ta hana Barcelona sayen 'yan wasa a hukuncin 2014, ta kuma yi wa Chelsea irinsa a 2019.

Abin da ya fi yawa yanzu shi ne ciniki tun da wuri, tafiya daga baya. Real Madrid ta kammala cinikin Vinicius Junior da Flamengo ta Brazil a Mayun 2017 kan kusan Yuro miliyan 45 yana ɗan shekara 16, ya ci gaba da buga wa Flamengo har ya cika 18 a Yulin 2018. Ƙungiyar da ta raine shi ta samu kuɗinta da ƙarin shekara guda na wasansa, shi kuma ya isa Sifaniya da wasannin manya masu yawa a ƙafarsa. A irin wannan yarjejeniya abin da iyaye za su nema a gani a rubuce shi ne wa ke ɗaukar nauyin jinya idan yaron ya ji mummunan rauni a watannin jira, da kuma ko raunin yana ba mai saye damar janyewa.